Kwandalar azurfa ta furuf: yadda ake gane ta da abin da mai tarawa yake biya a kanta

"Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara tara kwandalolin azurfa na zamani ba, kuma guda uku sun ɗaure min kai. Ta farko dalar Amurka ce mai hoton mikiya, ta shekarar 2009. Wanda ya sayar min ya ce furuf ce, kuma gaskiya tana ɗaukar ido. Ta biyu kwatar dala ce ta 2014 mai harafin S, an ce min duk mai S azurfa ce. Ta uku Britannia ce, kwandalar azurfa ta Birtaniya, ta 2010, na ɗora ta a sikeli ta ba ni giram 32 da ɗoriya maimakon 31, sai hankalina ya tashi. Ta yaya ake gane furuf ta gaske? Kuma tara su yana da riba, ko gara in tsaya a kan azurfa zalla?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma in aka warware ta, abu uku take nema a kan kowace kwandala: wace ƙasa ce ta fitar da ita kuma a wace shekara, da wane ƙarfe aka yi ta, sannan ta wace hanya aka buga ta. Masu sayarwa sukan dunƙule ukun su miƙa wa mai saye a cikin kalma ɗaya, su bar sheƙi ya yi musu sauran magana. Sheƙi kuwa shi ne shaida mafi rauni a wannan harka, domin duk mai ƙyalle da man goge ƙarfe zai iya samar da shi.

Furuf hanyar bugu ce, ba matakin kyau ba ce. Kwandalar da aka buga bugun yau da kullum, ko sabuwa ce fil, ba za ta taɓa zama furuf ba. Furuf kuma ko ta faɗi ƙasa ta kwarzane, tana nan a furuf ɗinta, sai dai lalatacciya.

Yadda ake buga ta, da alamun da bugun yake bari

A gidan buga kuɗi ana farawa da faifan azurfa wanda babu zane a kansa, a goge shi, a wanke shi tas. Hatimin ƙarfen da za a danna a kansa shi ma ana yi masa aiki na musamman: filinsa a goge shi har ya zama madubi, wurin zane kuma a dusashe shi, a da ta hanyar fesa yashi mai laushi, yanzu galibi da hasken leza. Sai a buga faifan a hankali, da ƙarfi, aƙalla sau biyu. Gidan buga kuɗin Birtaniya da ke Llantrisant a yankin Wales yana cewa nasa yakan kai bugu shida. Ana gamawa ma'aikaci ya ɗauke ta ita kaɗai, ba a barin ta ta faɗa kan 'yan'uwanta, a rufe ta cikin kwanson roba. Kwandalar buliyan kuwa, wato wadda ake sayarwa don nauyin azurfarta kawai, da sauri ake buga ta, a jera su cikin bututun roba ashirin-ashirin ko ashirin da biyar-biyar, suna gugar juna.

Ni yadda nake dubawa, nakan kashe sauran fitilu in bar guda ɗaya, in riƙe kwandalar ta gefenta ina karkata ta a hankali. Filin furuf, idan ya kauce wa haske, yakan koma baƙi wuluk, zanen kuma ya fito fari fat a kansa kamar yana shawagi. In ka kawo bakin alƙalami kusa da filin, ba tare da ka taɓa ba, za ka ga hotonsa sarai a ciki. Buliyan ba ta yin haka. Ita haskenta juyawa yake yi a kan fuskarta kamar fukafukan fanka, kuma hoton alƙalamin yakan fito dishi-dishi. Daga nan sai in duba baki: na furuf a tsaye yake, mai kaifin kusurwa, domin maimaita bugu ya tura ƙarfen har ƙarshen hatimi. Haruffa ma haka, gefunansu a yanke suke ƙal.

Wadda aka goge da hannu ko da inji don ta yi kama da furuf tana tona kanta ta wuri uku. Sheƙin ya bi ko'ina, har kan zanen da ya kamata ya zama dusasshe. Haruffan sun yi laushi, kusurwoyinsu sun lanƙwashe. Sannan a lungun da ke tsakanin haruffa, inda ƙyalle bai kai ba, za ka ga tsohon launin a maƙale. Da gilashin ƙara girma mai ninki biyar ko goma za ka kuma ga siraran layuka duk sun nufi gefe ɗaya.

Akwai iri biyu da suke rikita sabon shiga. Ɗaya ita ce furuf ta juye, inda fili ne dusasshe zane kuma madubi. Amurka ta fara fitar da mikiyar azurfa irin wannan a 2006, lokacin cikar jerin shekara 20. Ɗayar ita ce mai kama da furuf, wadda masu tantancewa suke yi wa alamar PL. Kookaburra ta gidan buga kuɗin Perth a Ostireliya da Panda ta ƙasar Sin suna fitowa cikin kwanso, da wani sashe mai sheƙi da wani dusasshe, amma mafi yawansu buliyan ne masu kyawun gamawa.

Kwandalolinka uku

Ta farko ba sai na riƙe ta ba. Mikiyar azurfa ta Amurka ta fara fitowa a 1986, oza ɗaya, wato giram 31.1, ta azurfa mai tsarki 999 cikin dubu, da zanen Adolph Weinman a gaba. Buliyan ɗinta ba ta ɗauke da harafin gidan da ya buga ta. Furuf kuwa tana ɗauke da shi, a bayanta ƙasa da mikiya ta gefen hagu a tsohon zanen na kafin sauyin 2021: S na San Faransisko daga 1986 zuwa 1992, P na Filadelfiya daga 1993 zuwa 2000, sannan W na West Point daga 2001, ko da yake San Faransisko ta sake buga wasu daga baya. A 2009 kuwa ba a buga furuf ɗin ba sam. Bayan rikicin kuɗi na 2008 mutane sun yi rububin sayen buliyan, doka kuma ta ɗora wa gidan buga kuɗin biyan wannan buƙata, sai aka karkatar da faifan azurfa duka can. Saboda haka taka ko dai buliyan ce da aka goge, ko wadda wani ya yi wa aiki a waje, ko jabu ce. In awo ya nuna azurfa ce, kana da oza guda, kuma darajarta ke nan. Ka mayar wa mai ita in da hali. Wataƙila shi ma haka aka sayar masa, amma wannan ba ya sauya shekarar da ke jikinta.

Ta biyu, wanda ya ce maka duk mai S azurfa ce bai faɗi daidai ba. Amurka ta daina sa azurfa a kwatar da ake kashewa bayan 1964. San Faransisko tana buga furuf na kwata da ƙarfen yau da kullum, wato jan ƙarfe a tsakiya da gamin nikel a sama da ƙasa, kuma tun 1992 tana buga wani jerin daban da azurfa. Dukkansu S ne a jikinsu, zane ɗaya, sheƙi ɗaya. Ƙari a kan haka, daga 2012 ta riƙa buga kwata mai S wadda ba furuf ba ce ma, don masu tarawa. Ke nan kwatar 2014 mai S tana iya zama ɗaya daga cikin abu uku. Ka dubi gefenta: in ka ga jan layi ya ratsa tsakiya, ba azurfa ba ce. In gefen fari ne gaba ɗaya, ɗora ta a sikeli. Ta yau da kullum giram 5.67 ce, ta azurfa mai kashi 90 cikin ɗari giram 6.25. Daga 2019 aka koma azurfa 999, nauyin ya ɗan haura zuwa wajen 6.34, amma wannan bai shafi taka ba.

Ta uku ita ce ta tayar maka da hankali, alhali ita ce sikeli ya fi ba wa gaskiya. Britannia ta azurfa ta fara a 1997, kuma har zuwa 2012 azurfarta 958 ce cikin dubu. Don a samu cikakkiyar oza ta azurfa a cikinta sai aka ƙara mata nauyi zuwa giram 32.45, faɗinta milimita 40. Daga 2013 ne aka koma 999, ta dawo giram 31.21 da faɗin milimita 38.61. Da a ce Britannia ta 2010 ta ba ka giram 31, a nan ne ya kamata gabanka ya faɗi. Ko furuf ce ko buliyan, wannan sai ka bi alamun da na zayyana, ka kuma tambayi akwatinta da takardarta.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: suna haddace lamba ɗaya su auna kowa da ita. Ozar awon azurfa da zinare giram 31.1 ce, ba 28.35 ta awon kaya ba. Panda ta Sin tun 2016 giram 30 ce cif, ba oza ba. Furuf ɗin da Birtaniya take yi na kuɗaɗenta na yau da kullum da azurfa 925 ake yin su, kuma akwai masu kauri ninki biyu. Maple ta Kanada azurfarta 9999 ce cikin dubu goma. Libertad ta Meziko ko adadin kuɗi babu a jikinta, amma ta gwamnati ce. Kowace kwandala da shekararta ake neman awonta a shafin gidan da ya buga ta ko a kundin kwandaloli, kafin a taɓa sikeli.

Gwajin jabu, da inda kowane gwaji yake tsayawa

Mafi yawan jabun da ke yawo jan ƙarfe ne ko gaminsa aka sha masa ruwan azurfa. Mai yin jabu yana da matsala ɗaya da ba ya iya kauce mata cikin sauƙi: azurfa tana da nauyin giram 10.49 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, jan ƙarfe kuwa 8.96. In ya daidaita faɗi da kauri, nauyi zai gaza. In ya daidaita nauyi da faɗi, dole kauri ya ƙaru da wajen kashi 17 cikin ɗari. Mikiyar Amurka faɗinta milimita 40.6 ne, kaurinta ƙasa kaɗan da milimita 3. Jabu mai cikakken nauyi zai doshi uku da rabi. Shi ya sa sikeli shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da ma'aunin faɗi da kauri. Sikelin ma ya zama mai nuna lamba biyu bayan ɗigo.

Maganaɗisu yana da amfani amma an zuzuta shi. In ya manne, magana ta ƙare, ba azurfa ba ce. In ka karkata kwandalar ka ɗora ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a kan kwansonta, zai gangara a hankali kamar ana riƙe shi. Sai dai jan ƙarfe ma yana sa shi tafiyar hawainiya, don haka wannan gwaji baƙin ƙarfe da nikel kawai yake kamawa. Na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi sinadaransa fatar sama take karantawa, ruwan azurfa mai kauri yana iya ruɗar ta. Wadda ke auna yadda ƙarfe yake ɗaukar lantarki ta fi shiga ciki, kuma tana aiki ta bayan kwanso, shi ya sa dillalai suke son ta.

Gwaje-gwaje uku da ake yi wa buliyan ban yarda a yi wa furuf ba: ƙwanƙwasa ta don jin amo, tsoma ta a ruwa don auna nauyinta a ciki, da ɗiga mata asid. Ko sun tabbatar maka azurfa ce, sun riga sun ɓata abin da ka biya ƙarin kuɗi a kansa. In ba ka son buɗe kwanso, nemi irinsa wanda babu komai a ciki, ka auna, ka cire nauyinsa.

Ido ma yana kamawa in akwai ta gaske a gefe. Jabu yakan kasa a ƙananan wurare: gashin mikiya, layukan tufa, tazarar lambobin shekara. Sabon zanen bayan mikiyar Amurka da Emily Damstra ta yi, wanda ya shigo a 2021, ya zo da giɓi ɗaya a jerin haƙoran gefe don tsaro. Akwati da takardar shaida kuwa kada su kwantar maka da hankali, domin sun fi kwandalar sauƙin kwaikwaya, kuma ana sayar da na gaske fanko. Iyakata a nan ita ce, ban da ta 2009 da tarihi ya yanke wa hukunci, ba na iya tabbatar da ƙarfe daga bayani ko hoto. In kuɗin da ke kan kwandala ya yi nauyi, a kai ta hannun mai na'ura.

Maganar riba

Farashin furuf hawa biyu ne: kuɗin azurfar da ke ciki, da ƙarin da aka ɗora saboda aiki, akwati da ƙarancin adadi. Na farkon yana bin kasuwar duniya. Na biyun ya dogara ne da ko gobe akwai mai so. In burinka ajiye dukiya a azurfa, buliyan ta fi, domin kuɗi ɗaya zai saya maka azurfa mafi yawa, kuma ranar sayarwa ba a yi maka ciniki a kan ɗan tabo.

Mafi yawan furuf na zamani ba su da wuyar samu. An yi su ne don a adana, kuma an adana su. Mikiyar furuf ta 1986 an buga sama da miliyan 1.4, kusan duk suna nan cikin akwatunansu. Kwatanta ta da ta 1995 mai harafin W, wadda guda 30,125 kawai aka fitar. Ba a sayar da ita ita kaɗai ba, sai cikin wani jeri tare da kwandalolin zinare huɗu a kan dala 999, masu tara azurfa da yawa suka ga tsada suka bari. Yau dubban daloli ake sayen ta. Abin da ya ɗaga ta ba ƙarancin kaɗai ba ne: akwai ɗimbin mutane da ke son cike jerin mikiya shekara bayan shekara, kuma kowannensu sai ya bi ta wannan ƙofa. Shi ya sa kuma ake samun masu ƙoƙarin mayar da ta 1995 mai P ta koma W.

A ɗaya gefen akwai kwandalolin da ake fitarwa da sunan ƙananan ƙasashe irin su Niue, Tuvalu, Palau da Tsibiran Cook. Kamfanoni ne suke karɓar izini, su buga, su rubuta adadin kuɗi a jiki, ƙasar ta samu kasonta. Doka ta yarda da su, azurfar ma ta gaske ce, wasu kuma aikinsu ya yi kyau ƙwarai. Amma za ka ga an ce guda dubu uku ko biyar kawai aka yi, alhali sababbin zane suna fitowa kowane wata, kuma babu jerin masu jira. Ƙaramin adadi in babu mai nema ba ya haifar da komai. An taɓa ganin irin wannan: a shekarun 1970 kamfanin Franklin Mint ya buga wa ƙasashe kamar Bahamas, Jamaika da Panama furuf masu kyau, da azurfa ta doshi dala 50 a oza a Janairun 1980, da yawa daga irin waɗannan kaya tukunyar narkarwa suka nufa, a kan nauyinsu aka saye su. Ka lura kuma da bambancin iyakar da aka ce ba za a wuce ba da ainihin adadin da aka sayar. Wani lokaci na biyun ya yi ƙasa sosai, kuma shi ne mai tarawa yake nema.

Sai maganar kamfanonin tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Suna ba da maki a ma'aunin Sheldon, daga 1 zuwa 70, su rufe kwandalar a akwatin roba mai lamba. PCGS yana rubuta PR, NGC yana rubuta PF, ita kuwa wadda ba furuf ba MS ake sa mata. In ka ga DCAM ko UCAM, ana nufin farin zanen da baƙin filin sun rabu sosai, abin da kusan kowace furuf ta zamani take da shi. Yawancinsu 69 ko 70 suke samu, kuma bambancin ɗan ɗigo ne da sai da gilashi ake gani, amma farashin yana iya ninkawa. A ra'ayina, ga mai farawa 69 ta wadatar, ko ma wadda ke cikin akwatinta na asali. Tambarin da ke cewa fitowar farko ma kada ya ruɗe ka: galibi yana nufin an kai ta wurin tantancewa cikin kwana 30 na farkon sayarwa, ba wai ita hatimi ya fara bugawa ba. Inda tantancewa take da amfani na haƙiƙa shi ne a kan masu tsada irin ta 1995 mai W. Ko a nan ka shigar da lambar akwatin a shafin kamfanin, ka gwada hoton da ke can da abin da ke hannunka, domin ana kwaikwayon akwatin da lambarsa.

In za ka ci gaba da tarawa, zaɓi jeri ɗaya ka san shi ciki da bai: shekarunsa, haruffansa, awonsa, da shekarun da suka yi ƙaranci. Wanda ya san jerin mikiya ba za a sayar masa da furuf ta 2009 ba. Kuma kafin ka saya, duba nawa aka sayar da irinta a gwanjo, ba nawa ake tallarta ba. Sau da yawa furuf da ta shekara biyu ko uku da fitowa ta fi araha a hannun masu tarawa fiye da ranar da ta fito.

Adana su

Tunda fuskar kwandalar ce kake biya wa ƙarin kuɗi, kada ka goge ta da komai, ko da auduga ce. Shafa ɗaya tana barin siraran layuka a kan madubin, kuma ba sa fita. Zanen yatsa in ya daɗe yakan ci ƙarfen ya zauna. Bar ta a kwansonta. In dole sai ka fito da ita, riƙe ta ta gefe a saman ƙyalle mai laushi, kuma kada ka yi magana ko huci a kanta, domin ɗigon yawu yana zama tabo.

Abin da ke baƙanta azurfa sinadarin farar wuta ne, kuma yana cikin robar ɗaure kuɗi, da wasu takardu da kwali, da ulu. Jakar roba mai laushi irin ta PVC takan yi gumi ta bar wani kore-kore mai danƙo. Ajiye su a wuri busasshe da ba ya yawan sauya zafi, ka jefa ƙunshin shanye danshi a cikin akwatin, ka riƙa sauya shi.

Akwai kuma farin tabon da ake kira tabon madara, wanda ba laifin mai ita ba ne. Ana danganta shi da ragowar ruwan wankin faifai da ya maƙale tun kafin bugu, yakan fito bayan watanni ko shekaru, har a cikin akwatin da aka tantance aka rufe. Gidan buga kuɗin Kanada ya shigo da wata kariya a 2018 don rage shi a kan Maple. In ya fito a taka, ko ka ga hazo ya rufe filin, kada ka sa hannu. Hazo da danƙon roba ƙwararrun gyaran kwandala sukan iya cire su, kuma manyan kamfanonin tantancewa suna da sashen wannan aiki, amma tabon madara da ya kama jiki yakan ƙi fita. Kafin ka tura, lissafa kuɗin aiki da na aikawa ka gwada da darajar kwandalar, domin a kan furuf ta gama-gari kuɗin gyaran yakan zarce abin da za a ceto.